Ranar da Motar Direba Ta Daina Yoyo

Mijin yayata mutum ne da za ka wuni tare da shi ba ka ji wata doguwar magana daga bakinsa ba, amma ka jingina da motarsa ka gani. Direba ake ce masa tun kafin ya auri Yaya, kuma na tabbata rabin 'yan layinsu ba su san yana da wani suna ba. Ni kuwa Auta yake ce min, ko da furfura ta cinye min kai. Tun ina yarinya muke faɗa da shi, irin faɗan da babu mai son a raba.

Ya yi wa wani kamfanin rarraba magunguna tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare. Da za su sallame shi sai suka bar masa motar da ya daɗe yana ja, wata fara mai dogon baya wadda tun a lokacin ta ga jiya ta ga yau. Jama'a suka yi ta masa barka. Ni na ce masa kamfanin nan akwai wayo, tsofaffi biyu suka rabu da su rana ɗaya. Bai yi dariya ba. Sai da aka kwana biyu ya aiko Yaya ta gaya min wai ya yi tunani, maganata da ƙamshin gaskiya.

Motar nan tana yoyon baƙin mai tun ranar da ta shigo gidan. Ba zuba take yi ba, ɗiga take yi, a hankali, ba ta fashi. Ƙasar tsakar gidan inda take kwana ta koma baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Kullum da yamma Direba zai tura kwali a ƙarƙashinta, da safe kafin ya sha ruwan zafi zai jawo kwalin ya tsugunna yana dubawa. In tabon yana gaba, ya san inda ya saki. In yana tsakiya, ya san wani wuri ne. Faɗin tabon kuma shi ke gaya masa yawan man da zai ƙara. Masu shagunan layin sun san shi, ba sa yar da kwali sai sun tambaye shi.

Na sha ce masa ya kai ta wurin Gajere, bakaniken da ke bakin titi, a yi mata gyara na gaske a huta. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Auta."

"To ka sani, ka toshe mana."

"Ana kai."

Ana kai ɗin nan aka yi ta yi har 'ya'yansu suka girma suka watse.

Babban gyaran kuwa, wanda ake juye man duka a kwance kaskon da ke ƙarƙashin inji a sake masa gasket, abin nan da ke toshe haɗin kada mai ya fita, wannan aikin mutum biyu ne, shi da Yaya. Na gan su suna yi ba sau ɗaya ba. Zai ɗaga motar da jak, ya tokare ta da bulo, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma ya shige, ƙafafunsa kawai ake gani. Yaya za ta ɗaura wani tsohon zane da ta ware don wannan aiki, ta jawo kujera ta zauna. In hannunsa ya leƙo, ta san sifanar da yake nufi ba sai ya faɗa ba. In ya gama ɗaure noti na ƙarshe, sai ka ji murya daga ƙasa, kalma ɗaya tak.

"Zuba."

Sai ta tashi ta buɗe bonet, ta kafa mazurari, ta rungumi galan tana tsiyayawa a hankali. Shi yana kwance a ƙasa, idonsa a kan haɗin, yana jiran ya ga inda zai tsattso. Yakan daɗe a nan. Ita kuwa ta zaro geji, wato sandar nan ta auna mai, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa ta duba, ta rufe bonet ta koma kicin abinta. Ko da zai fito, ba ta wurin. Sai ya kaɗe jikinsa ya nufi famfo. Shekara da shekaru haka suke yi, ba godiya, ba sannu, kuma ban taɓa ganin miji da mata sun fahimci juna kamar a wannan lokacin ba.

Gejin ma ita ke duba masa ko a ranakun da ba a gyara, don idonsa ya daina ganin abu na kusa tuntuni. Tabarau kuwa ya ce ba zai sa ba, wai wa zai yarda ya shiga motar direba mai ido huɗu.

Amfanin motar ba shi kaɗai ya ci ba. A layin nan duk matar da naƙuda ta kama, duk tsohon da numfashi ya sarƙe wa, ƙofar Direba ake bugawa. Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa sakin fuska ba. Zai fito yana gunaguni yana neman makulli, ya kai mutum, ya zauna a mota ya jira shi. Ina jin wannan bugun ƙofar shi ne abin da ya riƙe shi bayan ya bar aiki.

A motar ya kai Yaya asibiti. Ciwon bai ja ta da nisa ba. Ranar da ta rasu, da muke dawowa daga asibiti, ina kujerar baya da kayanta a cinyata, flas da bargo da takalmanta a leda, shi yana tuƙi hannu biyu a sitiyari, yana ba kowa hanya. Da muka iso gida ya kashe mota, ya fito, ya ɗauko kwali ya tura a ƙarƙashi, sannan ya shiga ɗaki. Na ji haushinsa a ranar, har na ce a raina mutumin nan ba shi da zuciya. Daga baya na gane bai san wani abin da zai yi da hannuwansa ba ne.

Gidana ba nisa, don haka na ɗauki kai masa abinci. Nakan tarar da shi zaune a bakin ƙofar kicin, inda ba ya zama a da. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Geji ya daina zarowa, tunda ba mai karanta masa. Kwalin kawai yake bi, in tabo ya yi faɗi ya ƙara da yawa, in ya yi ƙanƙanta ya ƙara kaɗan.

Ana cikin haka mai gidan da suke haya ya sayar da shi, sabon mai shi ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Aka ba Direba zuwa ƙarshen wata.

Babban ɗansu, wanda muke kira Babba, shi ya zo da maganar tsohon ya koma wurinsa. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai gajiya ta yi masa yawa, ga aikin ofis ga iyali. Yana zaune a wani dogon bene mai gidaje da yawa, tsakar gidan duk an shafe da siminti mai kyau, kowa da layin da aka zana masa na ajiye mota. Ya ce ya gyara wa mahaifinsa ɗaki, har da taga mai kallon titi.

"Motar fa?" in ji Direba.

"Baba, ba za su yarda ba. Mai kula da gidan ko ruwan wanki ya gani a ƙasa sai ya buga wa mutum ƙofa, balle baƙin mai."

"To in ba mota, me zan je in yi a gidanka? Gadi?"

"Hutawa za ka yi, Baba."

"Na gaya maka na gaji?"

Babba ya dube ni yana neman agaji. Na kawar da kai, don a wannan karon ina bayan tsohon. Na san abin da yake gani. In ya tafi da motarsa, Direba ne ya koma sabuwar unguwa, yau ya kai jikoki makaranta, gobe wani maƙwabci ya buga masa ƙofa. In ya tafi ba ita, tsoho ne aka kai ɗaki yana jiran a miƙo masa kwano.

"In na tsayar da yoyon fa?" ya ce.

Babba ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya san shekarun da yoyon ya yi a gidan. "In ta daina ɗiga, Baba, da kaina zan nema mata wuri."

"Ka ji ko, Auta? Ke ce shaida."

Na ce na ji.

Daga ranar ya farfaɗo. Ya zaga kasuwar kayan mota har ya samo gasket ɗin irin nata, abin da ake cewa ya ɓace. Ya sayo gam da sabon galan na mai. Na ce ya bari Gajere ya kama masa, ko ni in zo in miƙa masa sifana. Ya ce Gajere noti yake ɗaurewa kamar yana fushi da shi, ni kuma surutuna zai sa gam ya ƙi bushewa. Na ce to Allah ya ba da sa'a, na yi tafiyata.

Ya yi aikin shi kaɗai, ana gobe Babba zai zo. Da yamma da na kai abinci na same shi a bakin famfo yana wanke hannu da kananzir. Bayan yatsunsa duk ya ɗaye, bayansa ya ƙi miƙewa, amma idonsa ya dawo. Ya ce ya kankare tsohon gasket tas, ya wanke kaskon, ya ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, wannan gefe sannan wancan, ba gaggawa. Ya nuna min kwalin da zai shimfiɗa, wani babba fari sol da mai shagon kayan lantarki ya ba shi. Ranar ya cinye abincinsa duka.

Da safe tun ban gama shara ba ya aiko a kira ni. Na tarar da shi tsaye a tsakar gida ya ɗaga kwalin sama da hannu biyu, ga mai shagon, ga matar maƙwabci ta leƙo ta katanga. Kwalin nan fari fat, ko ɗigo babu.

"Duba da kyau, Auta. Ke mai ido."

Na duba gaba na duba baya. Na ce, "Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Ashe ana kai ɗin nan yana da ranar isowa."

Ya yi dariya har ana ganin gibinsa. Rabon da in ji dariyarsa tun Yaya na da rai. Ni ma ban kawo komai a raina ba, murna kawai nake yi.

Babba ya iso, ya karɓi kwalin, ya durƙusa da kayan ofis ɗinsa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya miƙe yana kaɗa kai. "Baba, na sara maka. Mu je ka ga ɗakin, ka ga inda za ta riƙa kwana."

"A tawa za mu je," in ji Direba. "Ka bi mu a baya."

Tunda kwali bai nuna tabo ba, bai ƙara mai ba. Fitilar nan ja da ke gargaɗin mai kuwa ta mutu tun zamanin kamfani. Ya sa hularsa mai kyau, na shiga baya, ya tayar. Muka fita layin yana ɗaga wa mutane hannu. A hanya ya yi ta zuba kamar ba shi ba. Wai zai riƙa kai yaran makaranta, wai zai koya wa babbar jikarsa tuƙi in ta isa, wai zai riƙa zuwa ɗaukata duk ƙarshen mako ko da ban cancanta ba. Na ce masa ya rage, ganga in ta cika zaƙi fashewa take yi. Da na san abin da ke tafe da na haɗiye wannan maganar.

Ba mu yi nisa ba, muna hawa wata gada, na ji wani ƙara daga gaba, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Direba ya katse maganarsa ya kasa kunne. Ƙaran ya ƙaru, wani wari na ƙarfe mai zafi ya shigo. Kafin ya kai ga gefen titi motar ta yi wata girgiza ta mutu. Ya murza makulli. Ko tari ba ta yi ba.

Babba ya kira Gajere. Ya zo a kan babur, ya buɗe bonet da tsumma don zafi, ya zaro geji ya kalla, ya mayar, ya sake zarowa.

"Baba, ai babu mai a ciki. Ko na shafawa babu. Injin ya buga."

"Ya zube a hanya ke nan," in ji Babba a hankali. Ba da faɗa ya faɗa ba, da tausayi ya faɗa, kuma wannan ya fi ciwo.

Direba ya bar mu a nan. Ya taka ya koma baya a kan gadar, kansa a ƙasa, yana bin kwalta da ido, motoci na ta masa hon. Ya yi nisa sannan ya dawo. Bai ga komai a ƙasa ba, ni ma ban gani ba.

Da igiya aka jawo ta gida, Babba na ja a gaba, tsohon na riƙe da sitiyarin mota matacciya. Gajere ya ce irin wannan injin ko a mafarki ba a samunsa yanzu, aikin gama ya gama. Babba ya ja ni gefe ya ce, "Inna, kin gani ko? Baba ya fara rikicewa. Bai kamata a bar shi shi kaɗai ba." Na wuce na bar shi a tsaye.

Washegari na zo taya shi haɗa kaya. Ina kwashe tarkacen kicin, na jawo ƙofar, sai ga galan a bayanta, a lungun da Yaya ke ajiye shi tare da mazurari da tsohon zanen nan. Na ɗaga, na ji shi da nauyi. Na duba murfin, ko fasa shi ba a yi ba.

Na daɗe a tsaye. Sannan na ɗauka na kai masa ɗaki, na ajiye a gabansa. Yana zaune a bakin gado yana naɗe riguna. Ya kalli galan ɗin, ya kai hannu ya taɓa murfin.

"Na sani," ya ce. "Tun a kan gadar na sani."

"Direba, yaya aka yi?"

"Na ɗaure na ƙarshe. Na ce zuba." Ya gyara ninkin rigar da ke hannunsa. "Na kwanta ina kallo, ban ga ya tsattso ko'ina ba. Har na ce a raina yau mun dace. Da na fito bonet a rufe yake, kamar kullum. Sai na tafi famfo."

An ce sabo turken wawa. Amma mutumin nan ba wawa ba ne, kuma ban taɓa jin karin maganar da ta yi min rashin kunya irin wannan ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Yaya. Shi bai yi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce in daina jiƙa masa tabarma, ba tasa ba ce, ta haya ce. Ƙarya yake yi, tasa ce.

Ranar tashi, Babba ya zo da motar kwasar kaya, ya kuma yi magana da 'yan gwangwani, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su zo su ja motar Direba. Kafin su iso Direba ya kira ni tsakar gida. Ya riga ya ɗaga ta da jak ya tokare da bulo.

"Za ki iya riƙe galan, ko shi ma sai kin yi masa surutu?"

"Me za a yi da mai a mataccen inji?"

"Ina so in gani."

Ya shige ƙarƙashi da kyar, yana nishi. Na buɗe bonet, na kafa mazurari, na fasa murfin. Na tsaya ina jira. Shiru. Har na ɗauka ya fasa.

"Zuba," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba.

Na zuba a hankali har galan ya ƙare. Na zaro geji na goge na mayar na duba, mai ya kai layinsa. Masu kwasar kaya suna ta wucewa da katifa da kwanuka, shi yana kwance. 'Yan gwangwanin suka iso da motarsu da sarƙa, suka tsaya suna kallon ƙafafun tsoho. Ɗaya ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya rufe.

Can sai muryar ta fito daga ƙasa. "Kira min yaron."

Babba ya zo ya durƙusa.

"Leƙo. Sa hannunka nan. Bi haɗin har ƙarshe."

Babba ya sa hannu ya bi, ya fito da shi ya duba. Yatsunsa a bushe.

"Ba ta ɗiga, Baba."

"Ba ta ɗiga," in ji Direba. "Dama shi nake so ka sani."

Na ga Babba ya dubi galan ɗin da ke hannuna, ya dubi mazurarin, ya dubi ƙofar kicin. Shi ma a gidan ya tashi, ya san mai zubawa. Ya miƙe ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon katanga.

Direba ya fito da kansa, ya ƙi a kama shi. Ya sauke jak, ya janye bulo, ya zare makullin daga aljihu ya miƙa wa babban 'yan gwangwanin, ya gaya masa birkin hannu yana ɗan riƙewa, sai an ɗaga kafin a sake. Bai tsaya ya ga an ɗaura sarƙar ba. Ya je famfo ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya fita waje inda motar ɗansa take. Ya tsaya a gefenta yana kallon ƙofofin.

"Babba," ya ce, "ni a ina zan zauna?"